Inda ake fara bincike idan rufaffen faifai ya ƙi buɗewa lokacin tashin kwamfuta

Mai tambaya ya ce kwamfutarsa tana aiki da Linux, faifanta a rufe yake da LUKS, wato tsarin Linux na ɓoye bayanan faifai ta yadda ba a karanta su sai da mabuɗi, akwai kuma faifai na biyu na ajiyar fayiloli wanda shi ma a rufe yake. Ta daɗe tana tashi lafiya, amma bayan sabunta manhajoji sai ta fara tsayawa a hanya, ta yi dogon jira, sannan ta bar shi a baƙin allo da saƙon cewa ba a ga faifan ba. Yana son ya san ko bayanansa sun salwanta, da kuma inda ya kamata ya fara bincike.

Malam, ka kwantar da hankalinka tukuna, domin a mafi yawan irin wannan yanayi bayanan suna nan daram, kuma kullen kansa bai lalace ba. Abin da ya fi saurin lalacewa shi ne bayanin da kwamfuta take dogaro da shi wajen sanin wane faifai za ta buɗe, da wane mabuɗi, kuma a wane lokaci. Asarar gaske ta fi zuwa daga gyaran gaggawa, saboda haka kada ka rubuta komai a faifan sai ka gano inda matsalar take. Kada ka yi amfani da umarnin `cryptsetup luksFormat` ko da wani ya ce zai gyara maka, domin aikinsa shi ne ƙirƙirar sabon babban mabuɗi ya shafe tsohon. Kada ka sa `fsck`, umarnin dubawa da gyaran tsarin fayil, a kan rufaffen ɓangaren faifan kai tsaye. Idan kuma ka jona faifan a kwamfuta mai Windows ta nemi ka tsara shi saboda ba ta gane abin da ke ciki ba, ka ƙi.

Dalilin wannan gargaɗi yana cikin yadda aka gina LUKS, wanda Clemens Fruhwirth ya fito da shi a shekarar 2004. Ba kalmar sirrinka ce take ɓoye bayanan ba. Akwai wani babban mabuɗi da kwamfuta ta ƙirƙira lokacin da aka fara rufe faifan, shi ne yake rufe komai, kuma shi kansa an ajiye shi a rufe a farkon ɓangaren, a wani sashe da ake kira heda. Kalmar sirri tana buɗe gurbi ɗaya ne daga cikin guraben mabuɗi da ke cikin hedar, ta fito da babban mabuɗin. LUKS1 yana da gurabe 8, LUKS2 kuwa, wanda ya zo tare da cryptsetup 2.0 a shekarar 2017, yana iya ɗaukar har 32. Girman hedar bai wuce kusan MiB 2 ba a LUKS1, da MiB 16 a LUKS2 idan ba a canza ba, amma rayuwar dukan faifan a kan wannan ɗan sashe take. Idan hedar tana nan lafiya kuma kana tuna kalmar sirri, mafi yawan sauran matsalolin masu gyaruwa ne.

Sai kuma ka san matakan da kwamfuta take bi wajen tashi. Manhajar UEFI ko BIOS ce take farawa, ta miƙa aiki ga GRUB, mai tayar da tsarin aiki, ko makamancinsa, shi kuma ya ɗauko kanel, wato zuciyar Linux, tare da wani ƙaramin tsari na wucin gadi da ake kira initramfs. Wannan ƙaramin tsari shi ke da alhakin gano rufaffen faifan da tsarin aiki yake ciki, ya nemi kalmar sirri, ya buɗe shi ta hanyar dm-crypt, wanda yake fito da buɗaɗɗen faifan a ƙarƙashin `/dev/mapper` da wani suna. Idan akwai LVM a ciki, wato tsarin da ke sake raba faifan zuwa sassa, sai a tayar da shi, sannan a ɗora tsarin fayil. Bayan haka ne systemd na ainihin tsarin, mai tayar da hidimomi, yake karɓar ragama, ya bi abin da ke cikin `/etc/crypttab` ya buɗe sauran faifai, ya bi `/etc/fstab` ya ɗora su. Saboda haka matsalarka tana iya zama a ɗaya daga wurare biyu. Idan ka faɗa cikin wurin rubuta umarni na BusyBox da kalmar initramfs a farkon layi, ko cikin na gaggawa na dracut, manhajar da ke gina initramfs a wasu tsare-tsare, to babban faifan ne bai buɗe ba. Idan kuwa ka shigar da kalmar sirri an karɓa, sannan aka yi jiran daƙiƙa 90 da saƙon `A start job is running`, daga baya aka ce `Dependency failed`, to babban faifan ya buɗe, kuma faifai na biyu ko wani layi a `fstab` ne ya tsayar da tafiyar. Daƙiƙa 90 ɗin nan shi ne lokacin da systemd yake jiran na'ura ta bayyana idan ba a saita wani lokaci daban ba.

Akwai abubuwa biyu masu sauƙi da za ka gwada kafin ka je ko'ina. Hoton da yake rufe allo lokacin tashi, wanda Plymouth yake nunawa, yakan ɓoye saƙonni, wani lokaci ma har da tambayar kalmar sirri, don haka ka danna Esc ka ga abin da ke bayansa, ko ka danna `e` a jerin GRUB ka cire `quiet` da `splash` daga layin kanel ka tashi da Ctrl da X. Na biyu, tun da matsalar ta biyo bayan sabuntawa, ka zaɓi tsohon kanel daga jerin GRUB. Idan tsohon ya tashi lafiya, ka riga ka san cewa sabon initramfs ne aka gina shi ba daidai ba.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne buɗe faifan da hannu daga wani tsari na daban, domin shi ne yake raba matsalar gida biyu. Ka tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Linux, ka rubuta `lsblk -f`, ka nemi ɓangaren da aka rubuta `crypto_LUKS` a gabansa. A nan zan kira shi `/dev/nvme0n1p3`, amma naka yana iya zama daban. Kafin ka buɗe, ka ɗauki kwafin hedar da `cryptsetup luksHeaderBackup /dev/nvme0n1p3 --header-backup-file heda.img`, ka ajiye fayil ɗin a wani faifai daban. Ka kula da shi sosai, domin duk wanda ya mallaki wannan kwafi tare da kalmar sirrin da take aiki a ranar da aka ɗauke shi zai iya buɗe faifan, ko da ka canza kalmar daga baya. Sannan ka rubuta `cryptsetup open --readonly /dev/nvme0n1p3 gwaji`. Idan ya karɓi kalmar sirri kuma `/dev/mapper/gwaji` ya bayyana, to hedar, da mabuɗin, da kalmarka duk lafiya suke. A wannan lokaci ina ba ka shawara ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri kafin ka ci gaba, domin mutum ya fi yin gyara da natsuwa idan ya san ba abin da zai rasa.

Idan faifan ya buɗe da hannu, wurin da za ka fara dubawa shi ne lambobin UUID, wato lambobin shaida da ake gane faifai da su, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. Rufaffen faifai kamar akwati ne a cikin akwati, kowanne da tasa lambar a jikinsa: akwai UUID na LUKS a waje, akwai kuma UUID na tsarin fayil da ke ciki, wanda ba a ganinsa sai an buɗe na wajen. Fayil ɗin `crypttab` yana buƙatar lambar waje, wadda `cryptsetup luksUUID` yake nunawa, shi kuwa `fstab` yana buƙatar lambar ciki, ko kuma sunan da ke ƙarƙashin `/dev/mapper`. Kowane layi na `crypttab` yana da sassa huɗu, wato sunan da za a ba buɗaɗɗen faifan, da na'urar da za a buɗe, da fayil ɗin mabuɗi ko kalmar `none` idan za a tambayi kalmar sirri, sai zaɓuɓɓuka. Misali, layin `ajiya UUID=... none luks` yana haifar da `/dev/mapper/ajiya`, kuma wannan suna ne ya kamata a gani a `fstab` harafi da harafi. Idan aka sa lambar ciki a `crypttab`, systemd zai zauna yana jiran na'urar da ba za ta taɓa bayyana ba, tun da ba ta bayyana sai an buɗe, kuma ba za a buɗe ba sai ta bayyana. Idan aka sa lambar waje a `fstab`, saƙon da za ka gani shi ne `unknown filesystem type 'crypto_LUKS'`.

Sunaye irin su `/dev/sda2` da `/dev/sdb1` ba abin dogaro ba ne, domin kanel yana raba su ne bisa tsarin da faifai suka bayyana, kuma wannan yana iya canzawa da sabon kanel, ko da ƙarin faifai, ko ma da filash da aka manta a jone. Idan ka ga irin waɗannan sunaye a `crypttab`, ka maye su da UUID. Akwai wuri ɗaya da wannan ya wuce rashin tashi ya zama haɗari: ɓangaren swap, wato wurin da ke tallafa wa RAM a faifai, da ake rufewa da sabon mabuɗi daga `/dev/urandom` a kowane tashi. Zaɓin `swap` a `crypttab` yana sake tsara na'urar da aka ambata duk lokacin da aka kunna kwamfuta, don haka idan sunan ya koma kan wani faifai, to wancan faifan za a rubuta a kansa. Irin wannan ɓangare ba shi da UUID mai ɗorewa, saboda haka ake kiransa da PARTUUID, wato lambar da ke cikin teburin ɓangarori, ko da hanyar `/dev/disk/by-id`. Haka kuma idan ka taɓa kwafe faifai sukutum zuwa wani sannan ka jona su tare, za su zo da UUID iri ɗaya, kuma ba ka da tabbacin wanda za a ɗauka. Ka cire ɗaya ka sake gwadawa.

Idan faifai na biyu yana buɗewa ne da fayil ɗin mabuɗi, ka tabbatar fayil ɗin yana nan a hanyar da aka rubuta, kuma yana kan faifan da aka riga aka buɗe kafin a buƙace shi. Ka gwada shi da `cryptsetup open --test-passphrase --key-file` tare da hanyar fayil ɗin da sunan na'urar, wanda yake tabbatar da mabuɗi ba tare da buɗe komai ba. Wani ƙaramin tarko a nan shi ne alamar ƙarshen layi. Idan mutum ya zuba kalmar sirrinsa cikin fayil da `echo`, umarnin yana ƙara wannan alama a ƙarshe, shi kuma cryptsetup yana karanta fayil ɗin mabuɗi baki ɗaya har da ita, sai abin da ke cikin fayil ya bambanta da abin da aka shigar da kibod, duk da cewa a ido ɗaya suke.

Don ganin ainihin abin da ya faru da faifai na biyu, ka karanta rajistar tsarin da `journalctl -b`, ko `journalctl -b -1` don tashin da ya gabata idan ana adana rajistar. systemd yana ƙirƙirar hidima ga kowane layi na `crypttab`, mai suna kamar `systemd-cryptsetup@ajiya.service`, kuma `systemctl status` a kanta yakan faɗi dalili ƙarara. A yanayin gaggawa babban faifan yana iya kasancewa a ɗore don karantawa kawai, sai ka rubuta `mount -o remount,rw /` kafin ka iya gyara fayil. Idan aka ce maka asusun root, wato na mai cikakken iko, a kulle yake don haka ba za a ba ka wurin rubuta umarni ba, kamar yadda yake faruwa a tsarin da ba a ba root kalmar sirri ba, sai ka yi gyaran daga filash.

Yanzu ga babban faifan, wanda bisa bayaninka na fi zargi. Gyara `crypttab` kaɗai ba ya isa a nan, domin initramfs yana ɗauke da nasa kwafin bayanan da aka zuba masa ranar da aka gina shi, kuma ba zai san ka canza komai ba sai an sake gina shi. A Debian da Ubuntu ana yin haka da `update-initramfs -u -k all`, kuma dole kunshin `cryptsetup-initramfs` ya kasance a girke. Idan ya fita, misali wajen share kunshin da ake zaton ba a buƙata, za a gina initramfs wanda ba shi da kayan buɗe faifai, sai kwamfuta ta tashi ba ta ko tambayi kalmar sirri ba. Umarnin `lsinitramfs` a kan fayil ɗin initrd zai nuna maka ko cryptsetup yana ciki. A Fedora da danginta ana amfani da `dracut -f`, ana dubawa da `lsinitrd`, kuma layin kanel yakan ɗauki `rd.luks.uuid=` wanda dole ya dace da lambar waje. A Arch ana amfani da `mkinitcpio -P`, kuma akwai hanyoyi biyu da ba a gauraya su: `encrypt` yana aiki da `cryptdevice=`, shi kuwa `sd-encrypt` yana aiki da `rd.luks.name=` ko `rd.luks.uuid=`. Wanda ya sa ɗaya a jerin matakan initramfs ya rubuta zaɓin ɗayan a layin kanel ba zai ga tambayar kalmar sirri ba. Ka kuma duba `df -h /boot`, domin ƙaramin ɓangaren `/boot` yakan cika da tsofaffin kanel, kuma idan ya cika ana tsakiyar sabuntawa, sabon initramfs yana iya ƙin ginuwa ko ya fito a gutsure.

Sake gina initramfs daga filash yana buƙatar shiga tsarinka ta `chroot`, umarnin da ke sa ka yi aiki kamar daga cikinsa ka tashi, kuma a nan akwai kuskuren da yake sa mutum ya yi aikin sau uku bai san dalili ba. Dole ne ka buɗe faifan da sunan da ke cikin `crypttab` ɗinka, ba da sunan da ka ga dama ba. Idan `crypttab` ya ce `nvme0n1p3_crypt` ko `dm_crypt-0`, ka rufe `gwaji` da `cryptsetup close gwaji`, ka sake buɗewa da wancan suna, wannan karon ba tare da `--readonly` ba. In ba haka ba, kayan Debian da Ubuntu za su yi gargaɗi cewa ba su ga sunan a `crypttab` ba, kuma abin da za su gina ba zai san yadda ake buɗe faifan ba. Bayan ka buɗe, ka tayar da LVM da `vgchange -ay` idan akwai, ka ɗora babban tsarin a `/mnt`, ka ɗora `/boot` da `/boot/efi` a wurarensu a ƙarƙashinsa, ka haɗa `/dev` da `/proc` da `/sys` da `/run`, sannan ka shiga. Mantawa da ɗora `/boot` yana sa a rubuta sabon initramfs a folda da GRUB ba ya karantawa. Ka karanta duk gargaɗin da ya fito lokacin ginin, kada ka wuce shi.

Wani lokaci initramfs yana da cryptsetup amma ba ya ganin faifan kansa. A wurin rubuta umarnin da ka faɗa ciki, ka rubuta `cat /proc/partitions`. Idan faifanka ba ya cikin jerin, batun direba ne ko saitin BIOS, ba batun kulle ba. Sabunta BIOS yana iya mayar da yanayin mai sarrafa faifai daga AHCI zuwa RAID, kuma wasu kwamfutoci masu Intel suna buƙatar direban `vmd` kafin a ga faifan NVMe. Haka nan kibod na USB yana iya ƙin aiki a wannan mataki idan ba a sa direbansa ba.

Akwai kuma yanayin da ake tambayar kalmar sirri, ka shigar da ita daidai, a ce maka `No key available with this passphrase`, alhali ita ce ta buɗe faifan daga filash. Wanda ake fara zargi a nan shi ne tsarin kibod. A farkon tashi, idan ba a zuba wa initramfs tsarin kibod ɗinka ba, yana ɗauka cewa na Amurka ne, kuma GRUB ma haka yake ɗauka. Mai kibod na Faransa zai ga `a` da `q` sun yi musanya, mai na Jamus zai ga `y` da `z` sun yi musanya, kuma ko tsakanin na Ingila da na Amurka alamomin `@` da `"` ba wuri ɗaya suke ba. Haruffa irin su é ko ü ko ƙ suna iya ƙin shiga gaba ɗaya. Idan kana da wurin rubuta umarni, ka buga haruffan kalmar a fili ka ga abin da yake fitowa, sannan ka goge ba tare da danna Enter ba. Gyaran shi ne saita `/etc/default/keyboard` a Debian ko `/etc/vconsole.conf` a Fedora da Arch, sannan a sake gina initramfs. Ni dai ra'ayina shi ne kalmar buɗe faifai ta zama doguwa amma da haruffan da ba sa canza wuri, kuma `cryptsetup luksAddKey` yana ba ka damar ƙara irinta a wani gurbi ba tare da taɓa ta farko ba.

LUKS2 ya kawo wani dalili na daban. Yana sarrafa kalmar sirri da Argon2, wanda da gangan aka gina shi ya ci RAM mai yawa don ya wahalar da masu hasashen kalma, kuma cryptsetup yana iya ware masa har GiB 1 bisa ƙarfin kwamfutar da aka ƙirƙiri gurbin a kanta. Idan aka mayar da faifan kan kwamfuta ko injin kwaikwayo mai ƙaramin RAM, buɗewa tana iya gagara. Umarnin `cryptsetup luksDump` yana nuna yawan RAM da kowane gurbi yake buƙata. Sannan idan `/boot` ma a rufe yake, wato GRUB ne da kansa yake buɗe faifan, ka sani cewa GRUB 2.06 da 2.12 suna gane LUKS2 amma da gurbi mai PBKDF2 kawai, wato tsohuwar hanyar sarrafa kalmar sirri. Wanda ya canza kalmar sirri ya samu sabon gurbi mai Argon2 zai ga GRUB ya ƙi kalmar da take daidai. Ana gyara wannan da `cryptsetup luksConvertKey --pbkdf pbkdf2`, bayan an ɗauki kwafin heda.

Idan faifanka yana buɗe kansa ne ta hanyar TPM, wato ƙaramar na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta, bayanin ya fi sauƙi. TPM yana sakin mabuɗi ne kawai idan ma'aunan tashi da yake ajiyewa, waɗanda ake kira PCR, sun yi daidai da yadda suke ranar da aka ɗaura mabuɗin. PCR 7 yana bin yanayin Secure Boot, PCR 0 yana bin manhajar UEFI, don haka sabunta BIOS, ko kashe Secure Boot, ko sabunta jerin sa-hannun da aka soke, yana iya sa TPM ya ƙi. Wannan aikinsa ne yake yi, kuma irin dalilin da yake sa BitLocker a Windows ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48 ke nan. Ka shigar da kalmar sirri ko mabuɗin ceto, sannan ka sake ɗaurawa da `systemd-cryptenroll --wipe-slot=tpm2 --tpm2-device=auto` tare da sunan na'urar da PCR ɗin da kake so. A kan sabar da ba ta da allo, wannan yakan yi kama da mutuwar kwamfuta, alhali tana tsaye ne tana jiran kalmar sirri. Masu amfani da Clevis da Tang, waɗanda suke buɗe faifai da taimakon wata saba ta hanyar sadarwa, kuma su tabbatar hanyar sadarwa tana tashi kafin a nemi mabuɗi, kuma sabar Tang ɗin tana amsawa.

Yanayin da ya fi tsanani shi ne idan gwajin hannu ya ce `is not a valid LUKS device`. Ka fara tabbatar da cewa ba ɓangare na daban ka nuna ba, kuma ba a ajiye hedar a wani fayil daban tun asali ba, domin LUKS yana ba da damar haka ta zaɓin `--header`. Sannan ka duba farkon ɓangaren da `hexdump -C -n 16`. Lafiyayyar heda tana farawa da haruffan LUKS sannan `ba be`. Idan babu su, wataƙila an canza teburin ɓangarori ne har farkon ɓangaren ya gusa, hedar tana nan a wani wuri kusa, ko kuma an rubuta wani abu a kanta. LUKS2 yana ajiye kwafi na biyu na bayanan hedar kuma yakan iya farfaɗowa da shi, amma yankin da guraben mabuɗi suke ba shi da kwafi na biyu. An kuma tsara kowane gurbi ta yadda ake warwatsa mabuɗin zuwa yanki 4000, don ya zama lalacewar kaɗan daga ciki ta isa ta kashe gurbin baki ɗaya. Idan kana da tsohon kwafin heda, ka gwada shi da `cryptsetup open --header` kafin ka yi tunanin `luksHeaderRestore`, domin na farko ba ya taɓa hedar da ke kan faifai. Umarnin `cryptsetup repair` kuwa a kan kwafin faifan ya kamata a fara gwada shi. Idan an shafe dukan guraben kuma babu kwafi, gaskiyar magana ita ce babu manhaja ko kamfanin da zai dawo da bayanan, ko da kana tuna kalmar sirri, domin babban mabuɗin ne ya tafi.

Idan kuma faifan ya buɗe amma ɗorawa ta gagara, ka wuce batun kulle. Saƙon `unknown filesystem type 'LVM2_member'` yana nufin akwai LVM a ciki da ba a tayar ba. Saƙon `bad superblock` yana iya nufin tsarin fayil ya samu rauni, sai ka duba shi da `fsck -n` a kan na'urar da ke ƙarƙashin `/dev/mapper`, ko `xfs_repair -n` idan XFS ne, waɗanda suke faɗin abin da suka gani ba tare da gyara ba. Amma ka fara karanta `dmesg` da `smartctl -a`. Idan ka ga kurakuran karatu daga faifan, to yana kan hanyar mutuwa, kuma abin yi shi ne kwafe shi sukutum da `ddrescue` zuwa wani faifai, a rufensa yadda yake, sannan a yi duk gyara a kan kwafin.

Bayan ka gyara `crypttab` ko `fstab`, kada ka sake kunna kwamfutar don gwaji. Ka rubuta `systemctl daemon-reload`, ka tayar da hidimar faifan da `systemctl start systemd-cryptsetup@ajiya.service`, ka duba `fstab` da `findmnt --verify`, sannan ka gwada `mount -a`. Ga faifai na biyu wanda tsarin zai iya tashi ba tare da shi ba, ka sa `nofail` a `crypttab` da `fstab` duka biyun, domin rashinsa kada ya sake jefa ka yanayin gaggawa. Sai dai `nofail` yana da nasa sharaɗin: idan faifan bai ɗoru ba, foldar da ake ɗora shi a kai tana nan a buɗe, kuma manhajar da ta saba rubutu a can za ta ci gaba da zuba bayanai a babban faifai ba tare da ta sanar da kowa ba, har ya cika, ko bayanan su ɓuya a ƙarƙashin faifan ranar da ya dawo. Don hana haka, ka sa `RequiresMountsFor=` da hanyar foldar a cikin hidimar manhajar, ta yadda ba za ta tashi ba sai faifan yana ɗore, ko ka kulle foldar da `chattr +i` lokacin da babu komai a kanta, wanda yake hana rubutu a cikinta amma ba ya hana ɗora faifai.